Haraji kafin aiki, ko aiki kafin haraji?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana cina. Kullum in ka kunna rediyo sai ka ji wani jami'i yana cewa dole a faɗaɗa karɓar haraji domin gwamnati ta samu abin da za ta zuba a ayyuka, matasa su samu abin yi. To mu a kasuwa ba mu taɓa daina biya ba. Kuɗin shara, kuɗin shago, kuɗin allon talla, kuɗin sauke kaya, wani ma in ka tambaye shi kuɗin mene ne sai ya fara inda-inda. Ruwan sama kaɗan ya sauka layinmu ya cika, mu muke haɗa kuɗi mu sa yara su yashe kwata. Wa za a faɗaɗa wa kuma? Masana a yi mana bayani.

Malam Akanta: Wa'alaikumus salam Alhaji. Duk abin da ka lissafo gaskiya ne, kuma shi ne ciwon. Kana biya, amma yawancin abin da kake biya ba ya isa asusun gwamnati. Kuɗin hannu ne, rasit ɗin ma wani lokaci a shagon kwamfuta aka buga shi. Shi ya sa kai kana kukan an tatse ka, gwamnati kuma tana kukan ba ta da kuɗi, kuma dukkanku ba ƙarya kuke ba.

A alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, harajin da Najeriya ta tara a 2021 bai kai kashi 11 cikin 100 na tattalin arzikinta ba, alhali matsakaicin ƙasashen Afirka ya kai wajen kashi 16. Kwamitin da Tinubu ya kafa a 2023 ƙarƙashin Taiwo Oyedele burinsa a kai kashi 18. Daga aikinsu sabbin dokokin haraji huɗu suka fito, waɗanda aka sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, aka ce su fara aiki 1 ga Janairu, 2026. Hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ma an sauya mata suna ta koma NRS. Ka tuna kuma a 2022 sama da kashi 90 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya wajen biyan bashi ya tafi. Gwamnatin da take haka da me za ta gina wani abu in ba ta sake cin bashi ba?

Mai Adaidaita: Malam ni ban san kashi-kashi ba. Na san kafin in haɗa balas ɗin mai keke sai na yanki tikiti, in na tsallaka wata ƙaramar hukuma wani ya sake tare ni. An ce talaka ba zai biya ba a sabuwar doka, to ni ba talaka ba ne?

Malam Akanta: Ɗan'uwa dokar cewa ta yi naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara babu harajin kuɗin shiga a kanta. Amma tikitinka ba ya cikin wannan lissafin, na jiha ne ko ƙaramar hukuma ko ƙungiya. Mu ɗauka a rana naira 200 kake bayarwa gaba ɗaya, ka fita kwana 300, ka ga naira 60,000 ke nan a shekara. Akwai mai albashi a ofis da ba zai biya haka ba. Wannan shi ne zaluncin da ya kamata a fara gyarawa.

Mai Adaidaita: 200? Allah Ya sa haka ne.

Baba Tsohon Ma'aikaci: 'Ya'yana, ku bari in ɗan mayar da ku baya. Mu mun ga zamanin da haraji yake haraji. In kaka ta yi, mai unguwa ya bi gida-gida, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, har baitulmalin En'e. Duk baligi sai ya biya, Bafulatani kuma ya biya jangali a kan kowace saniya. Mutum yakan sayar da hatsin da zai ci don ya biya, wani ya gudu cirani ya bar iyali. Da Abubakar Rimi ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali a Kano, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna, an yi murna ƙwarai, kuma murnar tana kan hanya, don an sha wuya.

Sai dai akwai abin da ya biyo baya wanda ba a cika faɗa ba. Da kuɗin mai ya zama shi ne uwa shi ne uba, gwamna ya daina buƙatar aljihun talaka. Ƙarshen wata a je Abuja a raba, a dawo. Wanda bai karɓi kuɗinka ba kuwa ba ya jin nauyin yi maka bayani, kai ma ba ka jin kana da bakin tambaya. A da mutumin ƙauye in ya je asibitin sha-ka-tafi ya tarar ba magani yana iya ɗaga murya, don ya san da guminsa a ciki. Ba ina cewa a dawo da dogari da bulala ba ne, Allah Ya kiyaye.

Ɗan Kwari: Baba Allah Ya ƙara lafiya. Amma yanzu ai biyu muka rasa: ana karɓa, kuma ba bakin tambaya.

Hajiya Mai Shinkafa: Ni ku ba ni dama in yi magana a kan ɗaya ɓangaren, wato zuba jarin, don a cikinsa nake ci nake sha. Duk wanda yake son ya ga yadda kuɗin gwamnati ke haifar da aiki ya zo Kura, ya wuce Garun Malam da Bunkure da rani. Madatsar Tiga a zamanin Audu Bako aka gina ta, farkon shekarun 1970, aka ja ruwa ta magudanai zuwa Kadawa. Shekara hamsin ke nan. Wanda ya sa hannu a takardar ya daɗe da rasuwa, amma har yau ruwan nan yana ɗaukar mutane aiki.

Ku bi buhun shanshera guda ku gani. Mai gona ya ɗauki masu dashe, ya ɗauki masu yanka da masu bugu. Mai kura ko mai mota ya kawo gari. Mata su jiƙa, su turara a tukwanen ganga, su shanya a kan tamfol a bakin titi, yara suna korar awaki. Daga nan sai wurinmu a inji, mai zubawa daban, mai tara daban, mai ɗinke baki daban, ga 'yan dako, ga dillali. Buntun ma akwai masu sayensa. Babu ɗaya a cikin mutanen nan da gwamnati take biya albashi, kuma babu wanda ya cika fom. Ruwa kawai aka kawo.

Abin da yake kashe mu wuta ce. In babu ita sai dizal, kuma in na kunna inji da dizal ribar buhun ta tafi a tanki. Lokacin da aka buɗe ƙofar shigo da abinci ba haraji na kwana 150 a 2024, farashi ya sauko, masu saye sun ji daɗi, ban ƙi ba, amma mu da muka sayi shanshera da tsada sai da muka rage yara. Da wutarmu tsayayya ce da araha da mun iya gogayya. A ba ni wuta, a zo a rubuta sunana a littafin haraji, wallahi da kaina zan kai.

Injiniya: Hajiya kin gama magana. Wutar ce. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kowane yunit, masu ƙananan masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai suke lissafin ko su ci gaba ko su rufe. Akwai tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a Janairun 2023, abu ne mai kyau, amma megawat 10 ga garin Kano ai ɗanɗano ne. Babban abin jira shi ne bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, wanda Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a 2020. An sha sa ranar gamawa ana ɗagawa. In gas ya iso kuma aka ja shi cikin rukunin masana'antu, to za a ga canji. In ya tsaya a bakin gari ana jiran wata kwangilar, shi ke nan.

Ɗan Kakuri: Mu a Kaduna mun ga duka biyun. Mun ga aiki ya mutu: masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi baya a 2007, Arewa Textiles ma haka. Mahaifina a masaƙa ya yi aiki. In an tashi daga aiki da yamma titin Kakuri ba ya biyuwa saboda kekuna. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan ana cire masa haraji a albashi kafin ya taɓa kuɗin, ba tare da an tare shi a hanya ba.

Sannan mun ga an gyara karɓar haraji. Zamanin El-Rufai aka haɗe karɓa a hannun hukuma ɗaya, aka hana karɓar kuɗin hannu, aka mayar da takardun filaye cikin kwamfuta ta hannun hukumar KADGIS. Kuɗin shigar jihar na cikin gida da bai kai biliyan 15 ba a 2015 ya haura biliyan 50 a 2020. Wannan ba a musu.

'Yar Zariya: Yaya ka faɗi rabi ka bar rabi. Titunan da aka yi a cikin Kaduna ai har da bashin Bankin Duniya na dala miliyan 350, wanda yanzu ake cirewa daga kason jihar, kuma da dala ake biya bayan naira ta faɗi. Kasuwanni nawa aka rushe? Mutum nawa suka koma sabbin shagunan? Kuma masaƙa ko ɗaya ba ta tashi ba. Kuɗin shiga ya ninka, amma ka nuna min aikin da ya ninka.

Ɗan Kakuri: Ban ce an yi komai daidai ba ƙanwata. Cewa na yi toshe ɓaraka yana yiwuwa ba tare da an ƙara wa kowa ko kwabo ba. Abin da aka yi da kuɗin kuma wata muhawarar ce, kuma a nan ina tare da ke rabi.

Malam Akanta: Maganar Ɗan Kakuri ta masaƙa ita ce zuciyar batun, ku lura da ita. Mafi yawan kuɗin da jihohi suke tarawa da kansu daga harajin albashi yake fitowa. Legas ta tara sama da biliyan 800 a 2023, Kano ba ta kai biliyan 50 ba a shekarar. Ba don 'yan Legas sun fi mu tsoron Allah ba ne. Can ne hedikwatar bankuna da kamfanonin waya da tashar jiragen ruwa, ma'aikata dubbai masu albashi a rubuce. Mu kuwa dukiyarmu tana Kwari da Singa da Dawanau, biliyoyi suna juyawa, amma yaron shago ba shi da takardar albashi, maigidansa ma ba ya rubuta riba a inda wani zai gani. Don haka jami'i ya rasa babban kifi sai ya koma kan mai tebur da mai keke, don su ne a fili.

Ɗan Kwari: Malam ka fara taɓo mu ke nan.

Malam Akanta: Ranka ya daɗe ai dole. Akwai mai sauke kwantena goma a wata wanda a takarda abin da yake biya bai kai na malamin sakandare ba. Kai ma ka san su.

Ɗan Kwari: Na san su. Amma ka san dalilin da ya sa kowa yake ɓoyewa? Ranar da ka nuna littafinka na gaskiya, ranar ka zama saniyar tatsa, kowa da ƙwaryarsa, ba mai kawo dusa. A yi mana lissafi ɗaya, biya ɗaya a shekara ta banki, a ba mu takardar da in na nuna wa duk wanda ya zo zai juya. A kuma ce kaso kaza na abin da aka tara a kasuwar nan a kasuwar zai tsaya: motar kashe gobara, magudanar ruwa, fitilu. In an yi haka ni zan zagaya layi-layi in yi wa mutane magana.

Ɗalibin Tattali: Ina da tambaya ga Malam Akanta, don akwai inda lissafin bai zauna min ba. Ka ce a gina masana'antu, ma'aikata su biya harajin albashi, jiha ta samu kuɗi. To mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, wato 840,000 a shekara, kuma sabuwar doka ta yafe wa masu wannan albashin. Leburan masana'anta a Kano nawa ne suke wuce haka sosai? Ashe ko an buɗe masana'anta ɗari, abin da jiha za ta samu a albashinsu kaɗan ne. Jihohin Arewa ma asara za su yi a kan abin da suke samu a da.

Malam Akanta: Tambaya mai kyau, kuma gaskiya ne jihohin da ma'aikatansu masu ƙaramin albashi ne za su ji a jikinsu. Amma masana'anta ba lebura kaɗai ba ce, akwai manajoji da injiniyoyi da masu kawo kaya, akwai kuɗin ƙasa, ga shi leburan zai kashe albashinsa a garin. A nan VAT, wato harajin sayen kaya, ya shigo. Ka tuna rigimar ƙarshen 2024, da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi tsarin da zai ba da kashi 60 bisa inda aka samo harajin, Zulum ya fito ya yi ta magana. Abin da aka daidaita a kai: VAT ya tsaya a 7.5, tarayya ta ɗauki kashi 10, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35. Kason jihohi kuma rabi a raba daidai, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Wannan 30 ɗin jiha mai jama'a da ciniki irin Kano za ta iya cin moriyarsa, in cinikin yana shiga rubutu.

Ɗalibin Tattali: “In yana shiga rubutu.” Mun dawo wurin Alhaji ke nan.

Abu Ammar: Ni tambayata ta addini ce. Muna fitar da zakka, a kuma ce mu biya haraji. Ba a haɗa mana biyu ba?

Malam Na Zaure: Zakka tana da masu ita, kashi takwas da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60, kuma mafi yawan malamai ba su ga a yi titi ko madatsar ruwa da ita ba. Haraji kuwa malamai da dama sun halatta wa shugaba ya sa shi in akwai buƙata ta gaskiya kuma baitulmali bai isa ba, da sharaɗin adalci wajen sawa da amana wajen kashewa. Sharuɗɗan nan su ne abin tambaya, ba asalin hukuncin ba. Allah ne mafi sani.

'Yar Zariya: Ni abin da nake tsoro shi ne kalmar “samar da aiki” a bakin ɗan siyasa. N-Power aka fara a 2016, ana ba matasa naira 30,000 a wata. Sun ji daɗi na ɗan lokaci, da aka yaye su yawancinsu suka koma inda suke. Sai rabon keken ɗinki da injin markaɗe a filin wasa, washegari ka gan su a kasuwa ana sayarwa rabin kuɗi. Sai gadar sama: a yi shekara biyu ana aiki, leburori su samu na cefane, a yanke kyalle, aiki ya ƙare. Ku kwatanta da ruwan da Hajiya ta ba da labari.

Injiniya: Kar mu yi wa gada rashin adalci gaba ɗaya, cunkoso ma asara ne. Amma in kuɗin ɗaya ne, ni ma zan fifita hanyar da za ta fito da tumatir daga gona kafin ya ruɓe. Kuma aiki ba ya tsayawa shi kaɗai. Kamfanin tumatir na Ɗangote a Kadawa an buɗe shi a 2016, ya yi ta buɗewa yana rufewa saboda rashin isasshen tumatir a farashin da zai biya kowa. Tashar sauke kwantena ta tsandauri ta Dala da ke Zawaciki an buɗe ta a 2023, amma amfaninta na gaske sai jirgin ƙasa yana kawo kwantena daga Legas a kai a kai. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ma haka, ribarsa tana ga kayan da zai ɗauka.

Akwai wata dabara da aka gwada tun 2019, kamfani ya gina titi a cire masa daga harajinsa, kamar yadda Ɗangote ya yi titin Obajana zuwa Kabba. Aiki yana sauri, sai dai kamfani inda motocinsa suke bi zai zaɓa. Ƙauyen da ba shi da babban kamfani ba zai gani ba.

Mai Adaidaita: To ƙananan hukumomi fa? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 aka ce kuɗinsu ya ƙaru, Kotun Ƙoli ma ta ce a ba su kai tsaye a 2024. In kuɗin ya ƙaru me ya sa har yanzu tikitina suke bi?

Ɗan Kakuri: Don tikitinka ba ya bi ta asusu, shi ya sa ya fi daɗi.

Malama Ta Firamare: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Malam Akanta don Allah a taimaka min da lissafi, ana ta tsorata mu a makaranta wai za a riƙa cire kuɗi a asusun banki kai tsaye. Maigidana albashinsa 150,000 ne, muna haya 300,000 a shekara. Nawa zai biya?

Malam Akanta: Malama ki kwantar da hankalinki, ba a cire harajin kuɗin shiga daga abin da yake ajiye a asusu, kuma kuɗin da ɗan'uwa ya turo miki kyauta ba albashi ba ne. Naira 50 da ake cirewa a turin 10,000 zuwa sama daban ce, kuma ta daɗe. Lissafin maigida: 150,000 sau 12 ya ba da miliyan 1.8. In mun ɗauka ana cire masa fansho kashi 8 a kan duka albashin, 144,000 ta fita. Sabuwar doka ta ba da rangwamen haya kashi 20, iyakarsa 500,000, nasa 60,000 ke nan. Saura 1,596,000. A cire 800,000 da ba a taɓawa, saura 796,000, a kanta ake ɗaukar kashi 15. Ya kama 119,400 a shekara, wato 9,950 a wata. Amma rangwamen hayar sai ya kai shaidar biya wurin masu albashinsu, don haka ya karɓi rasit a hannun mai gidan.

Malama Ta Firamare: Na gode Malam, Allah Ya saka. Sai dai mai gidan namu bai taɓa ba da rasit ba, kuma na san dalili.

Ɗan Kwari: Malam Akanta ga wani babban kifin nan an nuna maka, ba mu kaɗai ba ne.

Hajiya Mai Shinkafa: Malama ki sa maigida ya riƙa tura masa ta banki yana rubuta “kuɗin haya” a wurin bayani, ya ajiye takardar yarjejeniya. Ni haka nake yi da mai rumbun da nake haya, tun yana ƙunƙuni har ya saba.